Marigayi Ya Hau Mataki

"Lafiya lau, angon da bai san hanyar cefane ba. Shigo mana, ka tsaya a ƙofa kamar mai karɓar haraji."

"Au, tsohuwa, har yanzu kina nan? Na ɗauka zan tarar ana rabon kwanukanki."

"Sai na ga furfurarka, ɗan nema. Wannan kwat ɗin fa? Wa ya mutu ya bar maka?"

"Kayan manya ne, ba ki san su ba. A zamaninki ganye ake ɗaurawa."

Ƙanena ke nan da Kaka, kullum haka suke gaisawa. Ƙosau muke ce masa da gatse, don tun yana yaro iska ke neman ɗauke shi. Mai aski ne, kuma gwani, shagonsa ɗan tsukuku amma kujerar ba ta hucewa. Kwanan baya wani ya ja shi kamfanin shayin ganye, irin wanda in ka shiga sai ka kawo mutane, su ma su kawo wasu, kowa yana jiran ya ci daga na ƙasa da shi. Tun daga nan ban sake gane kansa ba.

Da rana tsaka ne, amma ɗakin Kaka duhu, don kwalayen shayin da ya jibge sun toshe taga. Ba wuta, fanka ta tsaya cak, ɗakin yana warin ganye kamar kantin magani. Ina zaune a ƙasa ina yanke wa Kaka farce, raina a ɓace, don na san abin da ya kawo shi. Da yamma mai sayen kujerar askinsa da injinansa zai zo. Zai sayar, ya zuba kuɗin a kamfanin, wai ya hau mataki na gaba. Albarkar Kaka ya zo nema.

"Amarya, arziki na kawo miki har ɗaki. Mota zan saya miki, in ajiye ki a gaba, a ɗauka tsohon buhu na ɗauko."

"Kai da ko kekenka sai an tura? Kwashe min tarkacenka, ɓeraye ma sun shinshina sun ƙi."

"Ɓerayen ɗakinki duk sa'anninki ne, ba su da haƙora."

"To ji ni nan, mai haƙora. Wa ke sayen shayin?"

Sai ya gyara tsayuwa. Murmushi ya hau fuskarsa ya tsaya a nan, ido ba ya ƙiftawa, muryar ta yi laushi kamar ba daga bakinsa take fitowa ba.

"Kaka, kin taɓa tambayar kanki, ina za ki kasance nan gaba?"

"A kabari."

"Masu nasara ba sa sayar da kaya, Kaka. Dama suke rabawa. Mai ƙaramin tunani shi ke aiki da hannunsa."

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Na ji wannan maganar daga bakin matar maƙwabcinmu, na ji ta daga bakin wani bakanike, kalma ba ta canja ba, har inda suke tsayawa su ja numfashi ɗaya ne. Kaka ta janye ƙafarta daga cinyata ta zuba masa ido.

"Kai, wa ke cikin nan? Fito da mijina, na fi son zaginsa."

Yana nan yana murmushin, sai waya ta fara ƙara.

Ba tawa ba ce, ba tasa ba. Daga ƙarƙashin gado ƙarar ke fitowa, daga cikin akwatin ƙarfe. Na san wannan kiɗan sarai. Wayar Kakanmu ce, mijinta, wanda ya rasu shekarun baya. Kaka ba ta yarda an rufe layin ba, tana sa a yi mata caji, ta naɗe ta a tsohuwar hularsa ta mayar. Tun da aka gama zaman makoki ba wanda ya sake kiranta.

Abin yankan farcen ya faɗi daga hannuna. Kaka ta ce, "Jawo." Na jawo akwatin, ta ciro wayar ta danna da kanta, ta sa yadda kowa zai ji.

Muryar mace ce, mai zaƙi. Ta kira sunan Kakanmu cikakke, har da na mahaifinsa.

"Baba, muna taya ka murna, ka hau mataki. Kujerarka tana sahun gaba a taron jibi. Saura ka kawo mana mutum uku."

Kaka ta ce, "Ba ya nan."

"Ayya, Mama ce? Yaushe zai dawo?"

"Ba a faɗa mana ba."

"To ki ce masa muna jiransa, shi da mutanensa. Baba ba ya fashin saye, har an tafa masa a taron da ya wuce."

"'Yar nan, mutumin ya rasu. Ya daɗe da rasuwa."

Sai muryar ta dawo da zaƙinta, ko ɗigo bai ragu ba.

"Allah sarki. Ba komai, Mama, matsayinsa yana nan, ba ma rufewa. Ke ma kina iya shiga ƙarƙashinsa."

Kaka ta kashe wayar. Ta daɗe tana riƙe da ita a tafin hannu. Ban taɓa jin tausayinta kamar ranar ba, don na ga lokacin da wayar ta fara ƙara fuskarta ta washe, kafin hankalinta ya dawo.

"Ƙosau."

"Na'am, Kaka." Murmushin ya sauka, sai ga ƙanena da na sani, da kunnuwansa fato-fato da zufa a goshi.

"Da ransa ka kasa ƙwace masa mata, shi ne yanzu ka mai da shi yaronka?"

"Ai ke ce kika ƙi ni, dole in huce a kansa." Ya yi dariyar yaƙe.

"Bar lallashi. Yi bayani."

"Ba wanda ya yarda ya shiga. Na bi abokai, na bi masu zuwa aski, har sun fara canja hanya in sun hango ni. Kuma in ba kowa a ƙarƙashinka, ba ka motsawa. Sai na sa sunansa. Da suka turo lamba a wayar, na zo kina barci na duba."

"Sayen da ba ya fashi fa?"

Ya nuna kwalayen da ke taga da haɓa. "Nasa ne. Ni ke biya."

Na ce, "Amma kai dai an yi sakarai!" Kaka ta ɗaga min hannu, wai ba da ni ake ba.

"Mutumin da ko shayin gida ba ya sha, yana cewa ruwan zafi ne mai tsada, shi ne ka cika wa ɗaki da ganye? Wa ya koya maka?"

"Wanda ya kawo ni. Shi ma mahaifiyarsa ce a ƙarƙashinsa, kuma ta riga Kakanmu rasuwa. Ya ce kowa haka yake yi kafin abin ya kankama."

"To taron naku, masu rai nawa ne a ciki?"

Ya zauna a bakin gado, ya cire kwat ɗin ya ajiye a gwiwa. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, kamar yanzu yake ganin abin.

"Ana kiran sunayen waɗanda suka hau mataki. Wani sunan in an kira, ba mai tashi. Sai mu juya mu kalli kujerar, mu tafa."

Ni dai na matsa kusa da ƙafar Kaka, don ji na yi kamar mun fi uku a ɗakin.

"Kuma an ce ya kawo mutum uku," in ji Kaka. "Daga inda yake zai kawo su? Ko nan zai zo ya ɗiba? Ga mu nan mu uku cif, ka hutar da shi yawo."

"Haba, tsohuwa, daina! Ke ki bi shi, kin fi mu kusa."

"Ni ba na zuwa ko'ina sai ka biya sadakina. Faɗa min mutum ɗaya, wanda ba kai ba, da ya sayi shayin nan ya sha ya dawo neman ƙari."

"Akwai wani..."

"Ya dawo?"

"Ya dawo faɗa."

"Wanda ka yi wa aski fa?"

"Wannan ko ya so ko ya ƙi, gashi ne zai koro shi."

"To ka ji da bakinka, mai kan tulu. Ka bar masu rai suna layi a ƙofarka, ka tafi tafa wa kujeru."

Waya ta sake ƙara. Mu duka muka zabura, har Kaka ta dafe ƙirji. Wannan karon tasa ce, a aljihun kwat. Ya duba. Mai sayen kujera ne. Ya kalli wayar, ya kalli Kaka, ita kuwa tana naɗe wayar mijinta a cikin hular.

Ya ɗauka. "Malam, ka yi haƙuri, kada ka taso. Kujerar ba ta sayarwa ba ce. A'a, ko injin ɗaya. Matata ce ta hana." Ya kashe, sai dariya ta ƙwace masa, ta gaske, har da hawaye a ciki.

"Kin ci, tsohuwa, na sallama. Gobe zan zo da injin in kwashe miki gemun nan kyauta, kada a ce maza biyu ne suka yi aure."

"Gemuna ya fi naka yawa, shi ke ba ka haushi." Ta mayar da hular cikin akwati, ta rufe a hankali, ta bar hannunta a kan murfin. "Amma kafin aski, ka fara zuwa ka sallamo min mijina daga aikin nan. Ya yi nasa tun da ransa, a bar shi ya kwanta."