Rasuwar Jar Wayar Sifikar Malam Tukur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga abin da Allah ya hukunta, Malam Tukur Gajere, mutumin ƙasar Maradun, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayar sifikarsa, wadda ta cika ranar Lahadi bayan la'asar.

Marigayiya ja ce, kaurinta kamar ɗan yatsa, cikinta jan ƙarfe zalla. Wani Bature makanike ya ba shi ita lokacin da yake lebura a aikin dam ɗin Bakolori. Ita ke ɗauko sauti daga rikoda ta kai wa sifika, kuma ba ta taɓa cin amana a hanya ba. Kaset guda ta fi yi wa hidima, wanda a cikinsa Tukur ya ɗauki muryar matarsa Marka tana waƙar daka, wata biyu kafin rasuwarta. In aka kunna, sai a ji turmi, dim, dim, har cikin ƙirji, sannan dariyar Marka a ƙarshe kamar tana tsakar gida.

Ciwon ajali ya kama ta ranar ƙaura, da ruwan dam ya doso gidansu. Ƙanensa Jatau ya nemi igiya ya rasa, ya ga abu mai ƙwari a rataye, ya ɗaure damin gero da ita a bayan jaki. Jatau kuwa bai san ɗaurin wasa ba. Tun ranar ta fara tari, ƙirr, ƙarr, tana yanke waƙar a tsakiya. An naɗe ta da salatif, an kai ta wurin mai gyara a Bakura, ya ce ta kakkarye daga ciki.

An sayo wata siririya a kasuwar Talata Mafara. Tana aiki, ba a ce ba. Amma ƙarar turmin ta ɓace, muryar kuma ta sauya har Tukur bai san matar da ke waƙar ba. Ya saurara sau ɗaya ya kashe. Bai yi kuka ba, bai yi wa Jatau faɗa ba, bai ji komai ba.

Ta rasu ta bar rikoda, sifika mai kumburarren gefe, batirin mota, da kaset ɗin.

Za a kai ta makwancinta ranar Alhamis da hantsi. Barau masunci zai tuƙa Tukur zuwa inda kan tsamiyar gidansu ke leƙowa daga ruwa, a sake ta cikin ruwan a nan. A gindin tsamiyar aka binne Marka. Ba a buƙatar rakiya, kwalekwalen mutum biyu yake ɗauka.