Kawu Four-thirty

Lallen hannunta na fara gani a jirgin ƙasa mai gudun walƙiya zuwa birnin Xi'an. Hajara ce, likita daga Plumstead, kujerarta kusa da tawa. Kafin mu isa har na zaɓi ankon bikinmu a zuci.

Da muka isa, jagoran yawon buɗe idonmu ya ce a dawo tasha ƙarfe huɗu. Na ɗauka huɗun katin biki ce, na tafi nemo mata maficin alharini. Abokina Sabo, da muka zo tare, ya bugo waya: "Malam, train ɗin nan ba ya jiran ango!"

Huɗu da rabi na iso, jirgi ya tafi. Sabo ya gaji kujerata.

Yau Sabo da Hajara 'ya'yansu uku a unguwar Catford. Duk Sallah in na je, sai yaran su ruga: "Mummy, Kawu Four-thirty ya zo!" Hajara kuwa sai ta duba agogo.