Rasuwar 'Yar Haƙuri, Motar Malam

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, malamin lissafi na sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, 'Yar Haƙuri, ranar Talata da safe, a jikin katangar makaranta.

Marigayiyar ta shekara goma sha ɗaya tana ɗawainiya da iyali. Ita ta kai maiɗakinsa asibiti ranar haihuwar Auta, ita ce jakar gida mai dakon kaya, ita ce mai rakiyar baƙi.

Ciwon ajalinta ba a ɓoye yake ba. Tun bara take "ƙwas-ƙwas" in ta faɗa rami, in an taka birki ta ce "ƙiiii". Bakanike ya danna gefenta da hannu, ta yi ta lilo kafin ta tsaya. Ya kwance taya, ya nuna masa takalmin birki ya cinye kamar reza.

"Malam, shokozoba mai tare girgiza ta mutu, birki kuwa ƙarfe ke cin ƙarfe. Kada ka ɗauki yara a ciki."

Malam ya ce sai an yi hutu. Hutu uku suka wuce. Maganin da ya yi mata ɗaya ne: in ta yi kuka, ya ƙara wa rediyo murya.

Ran Talatar, a gangara, ya taka birki har ƙasa, ba ta ce uffan ba, sai katanga ce ta tare ta. Auta, da ke kujerar baya, ta tsira da ɗinki uku a goshi. Har yau malam bai iya kallon goshin.

Takardar inshora ta tambaya ko motar na da matsala kafin hatsari. Abokan aiki suka ce, "Rubuta babu mana, wa ya gani?" Ya ɗauki biro ke nan, sai ga Auta tana tura motar wasa a tabarma. Da ta zo tsayawa ta ce "ƙiiii", don a saninta haka motoci ke tsayawa. Malam ya rubuta akwai. Masu inshora suka yi masa gaisuwa, suka sallame shi hannu rabbana.

Ta rasu ta bar taya huɗu, da jak, da rediyo, wanda ko ƙwarzane bai yi ba.

Za a kai ta makwancinta, wajen 'yan gwangwan, ranar Asabar da hantsi. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su ce kwana ne ya ƙare. Kwananta da saura. Malam zai raka ta a ƙafa, rediyo a kashe.