Tumatirin da Na Aura wa Gauta

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da Yaya Idi ya shiga rumfata ba. Yayan matata ne, manomin rani a Roni. Shekara ashirin yana kirana "ɗan ofis", wai ko fartanya ban iya riƙewa ba (ofis ɗin ma masinja na yi a Kazaure, har aka sallame ni).

Don in rufe masa baki na kafa rumfar leda ta noman tumatir a bayan gida. Wani malamin gona ya nuna min auren tumatir: ka yanko kan tumatir, ka ɗora a gindin gauta, ka ɗaure, saboda saiwar gauta ta fi jure cutar ƙasa. Ya fara wani bayani kan rassan da ke tsirowa ƙasan ɗaurin, ni kuwa har na hau babur.

Daga nan zama ya gagare ni. Sau goma nake leƙa rumfar a wuni, tuwona na hucewa. Sai na ga saman ya yi laƙwas, ƙasan ɗaurin kuwa rassa sun fito ƙatta, ganye fala-fala. Na ɗauko reza na fille raunanan, na bar masu ƙarfi. Matata ta ce, "Malam, ganyen nan fa bai yi kama da na tumatir ba." Na ce, "Na zamani ne. Ke me kika sani?"

Da 'ya'ya suka fito kore shar, na kasa jira su nuna. Na aika wa Yaya Idi, na kwaso 'yan majalisarmu bayan sallar Juma'a. Ina gaba ina zuba bayani, zufa na tsiyaya.

Yaya Idi ya matso kusa da shukar. Ya tsinki ɗaya, ya goge a riga, ya gatsa, ya tauna a hankali.

"Ɗan ofis, ina tumatirin?"

"Ga shi a bakinka, Yaya."

"Wannan gauta ne. Ka ɗaura aure, ka kori amaryar da reza!"

Limaminmu ma, da ya biyo mu, sai da ya dafa turken rumfa don dariya. Wani ya roƙi in sam masa na miya. Na ji kamar ledar ta narke a kaina. Tun ranar, ko a tasha "Mai Gauta" ake ce min.

Yanzu duk abin da zan yi taƙama da shi, ni nake fara gatsawa, a ɗaki, ƙofa a rufe.