Alhaji Labaran Zai Tafi Duniyar Mars

Duk unguwar Al Sabkha ta Dubai, daga tashar bas har layin masu turare, babu kamar Alhaji Labaran mai kago, wato mai aika wa 'yan kasuwa kayansu gida ta jirgi. Kai, Allah Ya yi mutum a nan! Shekara tara yana kan kujerar shugaban ƙungiyar 'yan kasuwarmu na yankin Deira. Sau uku ana sa ranar zaɓe yana ɗagewa, don tausayinmu kawai, kada mu sha wahalar bin layi. Mataimakinsa Mu'awiya har furfura ya yi yana jira.

Ran nan aka turo wa Alhaji saƙo a waya: wata hukumar binciken sararin samaniya za ta harba roka ɗauke da na'ura mai yawo da kanta zuwa duniyar Mars, duk mai so ya rubuta sunansa. Alhaji bai tsaya karanta sauran Turancin ba, ai manya ba sa karanta ƙananan rubutu. Ya danna, ya rubuta suna har da Alhajinsa. Nan take kati ya fito: hoton roka, sunansa ɓaro-ɓaro, ranar tashi, ga boarding pass rubuce a sama. Mutumin da ya shekara ashirin yana zirga-zirga tsakanin Kano da Dubai, wa zai koya masa ma'anar wannan takarda? In ta zo hannu, kujera a jirgi ta tabbata.

Ya sa aka buga masa ita ƙatuwa, ya rataye ta bisa sikelin awon kaya. Daga ranar muka naɗa shi Sarkin Sama, ya kuwa amsa da hannu biyu.

Kullum bayan azahar sai ya buɗe makaranta a gidan abincin Safiatou, 'yar Maraɗin nan mai tuwo.

"Ku ba ku gane injin ba ne," in ji shi, yana nuna rufi da cokali. "Roka tifa ce, sai dai ita sama take kallo. Wuta ta baya, khalas, shi ke nan. Wata bakwai a hanya, babu sauka a Addis. Mutum nawa ne a garin nan? Amma da suka tashi neman wanda ya san kan kaya, wa suka nema?"

Muka ce, "Sai kai, Sarkin Sama!"

Sautu ya fara shigowa. Hajiya Mahfuza ta ce ya duba mata ko atamfa za ta karɓu a can. Sanda mai takalma ya ce ya kama masa shago a bakin titi tun kafin 'yan Sin su isa. Alhaji ya rubuta duka. Ya haɗa jaka biyu, kilo ashirin da uku-uku cif, da kilishi da yaji da buta da darduma. Ya tambayi liman inda alƙibla take a can, liman ya ce in ya sauka ya kira shi.

Ranar Juma'a ya tara ƙungiya don sallama, kamar mai tafiya Makka. Ya nemi gafarar kowa. Ya ce mai tafiya irin wannan ba ya barin amanar jama'a a wuyansa. Mu'awiya ya share hawaye, ya zaro takarda daga aljihu, a rubuce tsaf: shugabanci ya koma hannunsa har sai Alhaji ya dawo daga Mars. Alhaji ya sa hannu, ya miƙa hatimi da makullin ofis. Mu da muka karanta ƙananan rubutun tun ranar farko, wallahi ko tari babu wanda ya yi. Daɗi kamar ya kashe ni.

Ranar tashi, da la'asar, ga Sarkin Sama a ƙofar Safiatou cikin babbar riga, jaka dama da hagu, yana jiran motar da za ta zo ɗaukarsa. A ciki kuwa talabijin na nuna rokar kai tsaye, ana ƙirge. Uku, biyu, ɗaya. Wuta ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, roka ta luluƙa sama.

Alhaji ya leƙo, ya gyara hula. "Wannan ta kaya ce. Manya a ta biyu muke."

Sai ga Safiatou da guɗa, waya a hannu. "Alhaji, barka, mun tashi lafiya! Voilà, ga katina. Ga na tsohuwata da ke Maraɗi, ga na magena. Ai sunaye ne kawai suka zana a wani ɗan ƙarfe kamar farce, suka manna wa na'urar. Mu miliyoyi ne a ciki."

Alhaji ya dubi katin magen. Iri ɗaya da nasa sak, har ta riga shi lamba. Ya juya a hankali wajen Mu'awiya.

"Malam Mu'awiya, takardar nan ta ranar Juma'a..."

Mu'awiya ya rusuna cikin ladabi, makullin ofis na kaɗawa a aljihunsa.

"Ranka ya daɗe, ai cewa ka yi sai ka dawo. Na kuwa bincika sosai, ita na'urar in ta je ba ta dawowa."