Yadda Za Ka Cusa Mutum Ashirin da Uku Cikin Takardar Lampo

Ɗan'uwa, in bazara ta kama a Faransa ka ga mutanenmu suna tafe fuska a murtuke, ba ciwon haƙori ba ne. Takardar lampo ce, wadda kowa zai cike ya gaya wa masu haraji abin da ya samu a shekara. Kwantar da hankalinka. Ni Malam Sabi'u na Montreuil, shekarata goma sha ɗaya ina cika wa mutane takardu a teburin cin abincina. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, babu ma'aikacin haraji da zai manta da sunanka. Na gwada su a kan Chaibou, ɗan garinmu Maraɗi, wanda ya samu aiki a Lyon ya kuma ga ɗakin haya a Rillieux-la-Pape, nan kusa da birnin. Matar da ke da ɗakin ta ce takardar lampo kaɗai ta rage a dosiyensa, wato takardunsa na neman haya, ta ba shi mako biyu.

Mataki na ɗaya: kada ka karanta ƙananan rubutu

Duk abin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe, wanda ya rubuta shi ma kunyarsa yake ji. In ka ga tauraro a gefen tambaya yana nuna maka ƙasan shafi, ka ɗauke kai. Kai da ka yi digiri biyu, tauraro ne zai koya maka karatu?

Mataki na biyu: faɗi gaskiya tsakaninka da Allah

Za ka iske gurbin da ake tambayar mutum nawa ne kake ɗauke da nauyinsu. A nan ne ragwaye suke rubuta sifiri. Kai kuwa ɗan halak ne. Wa ke sayen hatsin Inna? Wa ya biya ɗinkin Salla na 'ya'yan yayarka su shida? Wa ya sa wa baffanka haƙori? Rubuta su duka.

Chaibou ya tsaya a goma sha huɗu yana cizon bik ɗin da yake rubutu da shi. Na ce masa, "Ladanin unguwarku hwa? Ba kai ka sai mishi lasifika ba?"

Ya ce, "Malam, shi ma a ciki?"

Na ce, "Da muryar wa yake kiran salla?" Ya rubuta.

Gurbin ba zai ishe ka ba, don wanda ya zana shi bai taɓa zuwa suna a Maraɗi ba. Juya bayan takarda. In ta cika, ƙaro wata ka maƙala.

Mataki na uku: kira gida don ranakun haihuwa

Wannan matakin yana da ɗan zafi. Da zarar ka ce gwamnatin Faransa ce ke son sunaye, labari zai riga ka ajiye waya. Kafin la'asar Gwaggo Biba, wadda rabon Chaibou da ita tun yana firamare, ta kira tana kuka wai an cire ta daga dangi. Aka sa ta. Maƙwabcinsu mai faci ya aiko da hotonsa sanye da hula sabuwa. Shi ma aka sa shi, don ba a mayar da mai sabuwar hula.

Innarsa abu ɗaya ta tambaya: "Sunana shi na farko ko?"

Ya ce, "Shi na farko, Inna."

Ta yi ta sa masa albarka har katinsa ya ƙare. Lissafi ya tsaya a ashirin da uku.

Mataki na huɗu: nuna wa mai ɗaki kai babban mutum ne

Kada ka jira takardar ƙarshe ta fito daga ofis. Ɗauki hoton wadda ka cika, har da ƙarin shafin, ka tura wa mai ɗaki ta san da wanda take hulɗa. Ta Chaibou ba ta yi minti goma ba ta kira. Ta ce ɗakinta mita goma sha takwas ne, gado ɗaya, kuma maƙwabta tsofaffi ne masu son shiru. Ya yi ta rantsuwa cewa duk suna Nijar. Ta tambaya ko za su riƙa zuwa hutu. A nan ya yi kuskuren da ban koya masa ba, ya ce, "In Allah ya so." Washegari ta ba wani Karim ɗakin.

Mataki na biyar: in ofis ya kira ka, sa babbar riga

Za su kira. Kai ne ka ba su abin karatu. Chaibou ya je da shadda mai aiki, ya iske wata mata mai tabarau da takardarsa a gabanta, abokan aikinta biyu suna leƙowa ta ƙofa. Cikin ladabi ta ɗora yatsa a kan tauraron nan, ta karanta masa abin da ke ƙasan shafi: waɗanda ke zaune gida ɗaya da kai kaɗai ake nufi. Sannan ta ɗauki jan bik ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ladan ya fara tafiya, mai faci ya bi shi.

Da ta iso kan Inna sai ta dakata. Ta ce abin da yake aika wa mahaifiyarsa yana iya samun wani gurbin daban, in yana da rasit. Ina rasit? Shekara huɗu yana ba Alhaji Moctar saƙo hannu da hannu duk sanda zai tafi gida, kuma wa zai dubi idon Alhaji ya ce a ba shi rasit?

Ta ce, "Wa ye shaidarka?"

Ya ce, "Allah."

Ta ce ta yarda da shi, amma takardar ba ta da wurin rubuta wannan. Ta ja layi na ƙarshe a hankali. Ni kaina da ya ba ni labari sai da na ji wani iri.

Mataki na shida: karɓi sakamakonka

Takarda za ta fito tsaf, da hatimi, tana cewa kai kaɗai ne, babu kowa a wuyanka. Ajiye ta da kyau. Ranar ɗaya ga wata, in wayarka ta fara ruri da kiran 'yan gida, kana iya karanta musu ita.

Sanarwa

Ni Malam Sabi'u ban san ka ba, ban taɓa ganin bik ɗinka ba. In ɗaki ya kuɓuce maka, ko Gwaggo Biba ta ji an goge ta, kada a ambaci sunana. Kada kuma ka zo neman wurin kwana, doguwar kujerata Chaibou ke kanta duk ƙarshen mako, sauran ranakun yana ɗakin wani abokinsa a Lyon. Jiya Lahadi ina jinsa Innarsa ta kira tana tambaya ko har yanzu sunanta ne a sama. Jan layin da aka ja wa sunanta yana gabansa a kan tebur. Ya kife takardar, ya ce, "Shi na farko, Inna."