Jujin Manyan Maya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fassara kuskurena da bakina a gaban malamaina ba. Ina shekara ta biyu a karatun digiri na biyu a wata jami'a a Manhattan, ina nazarin yadda manyan mutanen Maya suka tsara gidajensu da gonakinsu tun kafin Turawa su je Amurka ta Tsakiya. Ranar zan gabatar da tsarin bincikena. In kwamiti ya amince, in bi farfesata haƙar kayan tarihi a ƙasar Belize da hutu. In bai amince ba, in ƙara shekara.

Ni mutum ce mai tsoron faɗin abu kai tsaye. Ko ruwa aka tambaye ni ko ana yi, sai na ce da alama. Farfesar ta taɓa zagaye kalmar "wataƙila" da jan biro a takardata har shafin ya zama kamar mai ƙyanda. Ta ce in samu abu ɗaya tak in tsaya a kansa. To, na samu (abin da na ɗauka ke nan). A taswirar wani gidan manya da ta tono a baya, mai ɗakuna kan dakali kewaye da tsakar gida, akwai wani fili a baya mai baƙar ƙasa, cike da toka da fasassun tukwane da ƙasusuwa da ƙonanniyar masara. Na yanke cewa wurin ba da hadaya ne. Hujjata ita ce gidan manya ne, ba za su tara datti a jikin bango ba.

A unguwar Tremont nake zaune wurin Gwaggo Hajara, ƙanwar babana, mai aikin kula da tsofaffi. Da ta ji zancen, ta nemi wata ta riƙe mata aiki, ta fito da leshinta na biki. Tun daga jirgin ƙasa nake roƙonta ta zauna a baya ta yi shiru. Ta ce ita me ta sani a kan mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakanta, kallo kawai za ta yi.

Komai ya tafi daidai har na haska taswirar a bango. Na ɗaga murya (ni kaina na ji mamakin muryar), na ce babu shakka nan ne iyalan gidan ke bauta. Sai na ji muryar Gwaggo daga kujerun baya, da Hausa:

"Ke, 'yar nan, ina madafin gidan yake?"

Na yi kamar ban ji ba. Farfesa ta juya da murmushi, ta ce tana son jin abin da baƙuwarmu ta ce. Na fassara, sannan na nuna madafin da ɗan yatsa. Yana manne da filin nawa, taku kaɗan ne tsakaninsu.

"To ai juji ne," in ji Gwaggo. "Toka, tsingaro, ƙashi. Damina na zuwa ki watsa kabewa da barkono, ki ga yadda za su yi. Mai hali ma ya fi kowa juji, gidansa aka fi ɗora tukunya."

Gwaggo na jin Turanci sarai, da shi take aiki. Amma ta naɗe hannu tana jirana. Na yi tunanin in ce ta ce taswirar ta yi kyau, ba wanda zai gane. Sai dai ni ko waƙafi na tsallake a rubutun wani ba na samun sukuni. Na fassara kalma bayan kalma. Wani malami ya fara rubutu da sauri. Farfesa ta tambaya ko a garinmu haka ake yi, sai Gwaggo ta gyara zama.

"Tambaye ta mana. Wa ke kai toka jujin gidan Alhaji kakanta kowace safiya, tana tafe tana kuka wai za ta makara makaranta?"

Wannan ma na fassara, da "ni" a ciki. Ɗakin ya ɗauki dariya, ni kuwa ina tsaye ina kallon takalmina.

Bayan an natsu Farfesa ta ce ita ma juji ta zata tun farko, tana jira ne ta ga hujjata. Amma abin da ya fi jan hankalinta shi ne shukar bayan gida: shin manyan Maya suna ci daga jujinsu kamar talakawansu? Kwamiti ya amince in tafi, da sharaɗin in sake rubuta komai a kan wannan tambayar.

A hanyar komawa Gwaggo ta ce yanzu in an tambaye ta a masallaci me nake karantawa, ta samu amsa: na tsallaka teku in zama gwanar juji.

Tun daga ranar na dawo da "wataƙila" ɗina wurinta, ban kuma ƙara jin kunyarta ba. Duk abin da zan ce babu shakka a kansa kuwa, sai na fara karanta wa Gwaggo a kicin tukuna. A can, in ta yi gyara, ba sai na fassara wa kowa ba.